Adakar Goggo a Zongon Lome

A watan Sha'aban da ya wuce na bar shagona na Kantin Kwari a hannun yarona, na kama hanyar Lome. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina bin hanyar nan: Kano zuwa Legas, Legas zuwa Seme, a ratsa Kwatano, a tsallaka iyaka a Hilakonji, sai Aneho, daga nan teku na hagunka da itatuwan kwakwa a jere har ka shiga gari. Kullum da lissafin dilolin atamfa a kaina nake yin tafiyar. Wannan karon ba sari ya kai ni ba, maganar aure ce.

Yaron nan da na bar wa shago shekararsa tara tare da ni. Ban taɓa kama shi da kwabo ba, ban taɓa tashinsa sallah ba. Shi ne ya turo manya neman 'yata ta biyu. Da aka yi bincike sai aka tarar mahaifinsa almajiri ne da aka kawo Kano yana ɗan ƙarami, malaminsu ya rasu, shi kuwa har ya koma ga Allah bai san sunan garinsu ba. Na ce a dakata tukuna. Da daddare na ce wa uwargida, "Mu fa 'yan asali ne, jikokin madugu, Agalawan Kano. Ba zan ba da 'ya inda ba a san kaka ba." Ta ce, "To Alhaji, lissafo mini naka kakannin in ji." Na ambaci mahaifina, na ambaci kakana, na ce Baba Tsoho, sai na tsaya cik. Ko sunansa na yanka ban sani ba. Ba ta ƙara cewa komai ba, ni kuwa ban yi barci ba. Mutum ɗaya ta rage a duniya da ta ga Baba Tsoho da idonta, ita ce Goggo, ƙanwar mahaifina, tana Zongon Lome.

Da na sauka ban wuce wurinta kai tsaye ba. Na ce wa ɗan zemijan, wato mai acaɓan can, ya kai ni tsohon Zongo. Yaro ne, ya tambaye ni wanne. Sai da na kwatanta masa manyan gine-ginen bankunan da ke bakin titin da ya kewaye tsakiyar gari, wanda ake kira Boulevard du 13 Janvier, sannan ya gane. Na tsaya a gefen titi ina kallon gilasai da masu gadi. A nan aka yanke mini cibiya. A nan akwai lungunan da mutum biyu ba sa iya jerawa, da rumfunan mahauta, da matan da ke tuyar ƙosai tun asuba, da zaurukan da ake buɗe huhun goro ana yayyafa masa ruwa. Yau ko dutsen murhu ɗaya ba za ka nuna ba.

A 1977 hukuma ta tashi Zongo. Ina da shekara shida zuwa bakwai, amma abu uku ban manta ba: ƙarar katafila, da mahaifina a kan rufi yana ɓamɓare kwano don kada a haɗa da shi, da Goggo zaune a bayan babbar mota a kan tulin tabarmi ta rungume wata adaka ta ƙarfe kamar jariri. An kwashe mu zuwa arewa da gari, tafiyar kilomita goma sha biyar ko kusa da haka, wani fili a bakin hanyar da ta nufi Atakpame da Sokode. Tsofaffi suka ce ba wannan ne karo na farko ba, tun zamanin Jamus duk lokacin da gari ya cim ma Zongo sai a matsar da shi gaba. Filin nan shi ne Agoe-Zongo na yau.

Wanda ya san wurin a wancan lokaci ba zai gane shi ba yanzu. Gari ya biyo mu ya haɗiye. Manyan motoci masu ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Burkina da Nijar da Mali suna jere a bakin hanya, direbobi na shan shayi a ƙarƙashinsu. Masallatai ba iyaka, da benaye, da shagunan waya. Abin da bai canza ba shi ne ruwa, don ƙasar kwari ce kusa da kogin Zio, in damina ta yi ƙarfi sai an naɗe wando. Da harshe kuma. Bazabarme da Bakotokole da Bayarabe da Bafillace da mutumin Mango duk da Hausa suke ciniki, ko da yake Hausar yara ta sha Faransanci da Mina har ta ƙoshi. 'Yan ƙasa kuwa ba ruwansu da rarrabewa, duk mai doguwar riga da hula Awusa ne a wurinsu. Abin dariya, a Lome ni Awusa ne baƙo, a Kano kuma har gobe Alhaji ɗan Togo ake ce mini.

Na sami Goggo a tsakar gida a kan tabarma, ta ba tamanin baya, idon ya yi rauni amma kunne garau. Tun daga sallamata ta gane ni.

"Babana, kai ne da rana tsaka? Mutuwa aka yi?"

Babana take ce mini don sunan mahaifinta gare ni. Na durƙusa na ce, "Lafiya lau, Goggo, gaisuwa na zo yi."

"Ɗan kasuwa ba ya ƙetare ƙasa uku don gaisuwa. Ci tuwo tukuna."

Aka kawo akume da miyar kuɓewa da kifi, abincin da ko a mafarki nake jin ƙamshinsa a Kano. Bayan la'asar na fayyace mata komai, ban rage ba. Na ce so nake ta ba ni sunayen kakanninmu tun daga Kano, in rubuta, in nuna wa mutanen gidana. Ta daɗe tana jan carbi. Can ta ce, "Asalin da ake faɗa a gidan biki kake so, ko wanda ake faɗa a ƙuryar ɗaki?"

Na ce ashe biyu ne.

Ta ce, "Kowane gida a Zongon nan biyu gare shi."

Ga abin da ta ba ni, na haɗa da abin da kowa ya sani na tarihin hanyar. Mutumin Kano gaskiya ne, akwai shi. Ba'agale ne, cikin fataken Gwanja masu tasowa da jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da jan fata, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su yi wata da watanni kafin su isa Salaga su sayi goro. Amma ba madugu ba ne, mu ne muka naɗa masa rawanin daga baya. Da ƙafa ta gaji sai ya zauna a Salaga ya zama maigida mai saukar baƙi. Aikin maigida a zango sananne ne: ya ba fatake masauki da abinci, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da mai saye, ya tsaya musu in an yi bashi, a ba shi la'ada. Irin wannan gida ba ya tafiya sai da yara, masu ɗebo ruwa da kiwon jakuna da rakiyar baƙi kasuwa.

Salaga kuwa ba goro kaɗai ake sayarwa a cikinta ba. Zamanin ne mayaƙan Zabarmawa, su Babatu, suke kai hari ƙasar Gurunshi suna kawo mutane kasuwa. Wata rana maigidan nan ya je kasuwa ya dawo da yaro ɗan shekara bakwai ko takwas, da tsage a fuska, ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya. Da wuri ya biya kuɗinsa.

Goggo ta yi shiru. Ni ma na yi shiru, don na riga na gane.

Ta ce, "Shi ne Baba Tsoho. Shi ya haifi ubana, ubana ya haifi ubanka."

A 1892 yaƙin sarauta ya fashe a Salaga, kasuwa ta watse, baƙi suka bazu. Da yawa suka gangara Kete-Karaci a bakin kogin Volta, wadda ta faɗa hannun Jamus. Cikin waɗanda suka koma can har da babban malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a garin har rasuwarsa a 1934. Maigidanmu ma can ya nufa da iyalinsa. 'Ya'yansa maza biyu ne. Ɗaya ya rasu a hanya, ɗayan ya bi ayari zuwa Kano da alkawarin zai dawo da kaya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wanda ya rage yana jan jaki, yana ɗebo ruwa, daga baya yana riƙe da lissafin baƙi, shi ne yaron nan mai tsage. Da tsufa ya kama maigida sai ya tara mutane, ya 'yanta shi, ya sake masa suna, ya kuma ba shi 'yarsa auren sadaka.

"Ka ga ke nan," in ji Goggo, "Kanancinmu ta wurin mace ya zo. In ta wurin uba ake lissafi, kamar yadda ku maza kuke so, to kai Bagurunshe ne, Babana."

Ta sa jikarta ta jawo adakar nan daga ƙarƙashin gado. Ita ce dai ta 1977, ta yi tsatsa a gindi. A ciki akwai tsohon alkyabba da asu ya ci, da ɗan ma'aunin ƙarfe, da wata takarda a naɗe cikin fata. Rubutun Larabci ne da tawadar gida, layi bakwai. Da ɗan karatun da nake da shi na bi a hankali: wane ɗan wane ya 'yanta yaronsa wane don neman yardar Allah, babu mai wata hanya a kansa daga yau, ga shaidu uku. Wurin sunan uban yaron ba a rubuta komai ba. Wasu a danginmu, waɗanda suka san da takardar, suna cewa Alhaji Umaru ne ya rubuta da hannunsa. Goggo ta ce ita ba ta ji haka daga bakin kowa a cikin manya ba, kuma ba za ta ƙara wa takarda abin da ba ta ce ba.

Yadda aka yi suka zo Lome kuwa, kasuwa ce ta kawo su, kamar kowa. Jamus sun mai da Lome babban birninsu a 1897, suka gina gadar jiragen ruwa a 1904, suka shimfiɗa dogo zuwa Aneho da Palime, sannan har kusa da Atakpame a 1911. A shekarar nan kuma dogon Ingilishi ya isa Kano. Goron da ake wata uku ana jan jaki dominsa sai ga shi yana bin jirgin ruwa zuwa Legas, ya hau jirgin ƙasa. Zamanin ayari ya ƙare. Masu wayo suka gangaro bakin teku. Baba Tsoho ya fara da koro shanu daga arewa zuwa mahautan Lome, da ƙafa, daga baya ya kafa nasa zauren a Zongo yana saukar masu shanu da masu goro. Wanda aka saya da wuri ya zama maigida, har ana kawo masa shari'ar bashi.

Goggo ta san shi tana yarinya. Ta ce dogo ne, ba ya son hayaniya, kullum da rawani ya rufe kumatu. Yara ba sa tambayar tsagen, an hana. Sau ɗaya tak, a ciwon ajalinsa, zazzaɓi ya yi zafi da dare, ta ji yana magana da wani harshe da ba wanda ya taɓa ji a gidan, yana maimaita kalma ɗaya. Aka kira wani tsoho mai gadi daga can arewacin Gana ya saurara. Ya ce uwarsa yake kira.

Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Amma kada in yi muku ƙarya, ba tausayi ne ya fara zuwa ba, kunya ce da haushi. Na ce, "Goggo, don me Baba bai taɓa faɗa mana ba?"

Ta ce, "Ubanka ya sani sarai. Maza ke ɓoyewa, mata ke riƙewa. Ku kuna son asalin da za ku ɗaura a ka kamar rawani. Mu da muke wankan jego mun san inda kowa ya fito."

Daga nan ta shiga lissafo mini dangi, ina rubutawa har aka kira magariba, muka ci gaba washegari. A nan na ga yadda aka ƙulla gidanmu. Kakata, matar mai sunana, Bakotokola ce daga Sokode, 'yar wani mai kawo shanu da ke sauka a zauren Baba Tsoho. Waɗanda muke kira 'yan uwanmu na Kwatano, ashe kakansu baƙo ne da ya kwanta ciwo a gidan wata shida, da ya warke aka ba shi ƙanwar kakana. Reshenmu na Yamai ta hanyar nono ne, uwarsu ta rasu a wurin haihuwa, kakata ta shayar da shi tare da mahaifina. Kawun da na tashi ina tsoro, mai dukanmu in mun ƙi makarantar allo, ɗan riƙo ne, ɗan wata Bamina mai sayar da kifi da ta musulunta. Mutanen Kumasi kuma a 1969 suka zo, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda daga Gana. Sun shigo ta Aflao da ƙunshin kaya a ka, mahaifina ya ba iyali biyu ɗaki, ɗaya daga cikin 'yan matansu ita ce ta zama amaryarsa, wadda nake kira Inna ƙarama.

Suna sittin da huɗu na rubuta. Da na zauna na duba, waɗanda jini ɗaya ya haɗa mu da su tun daga sama ba su kai rabi ba. Saura duk masauki ne, da aure, da nono, da riƙo. Amma ranar da mahaifina ya rasu dukansu sun zo, kuma da na karye a 1994, lokacin da aka karya darajar sefa bashi ya yi mini katutu, ɗan reshen Yamai ne ya ba ni dila biyar ba takarda ba shaida. Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya zauna da 'yan kasuwar Zongon nan bayan tashin, ya fitar da littafi a kansu a 1983, yana bayanin yadda maigida ke tara mutane ta hanyar ciniki da aurarwa. Goggo ba ta san da littafin ba, amma da ka ta karanta mini shi.

Akwai abin da ya ƙara tsaya mini a rai. Mutumin Katsina ko Zariya in ana gardamar asali sai ya kai ka ƙofar gidan kakansa, ko kufai ne ya nuna maka. Mu fa? Salagar da kakanninmu suka sani ta watse. Tsohuwar Kete-Karaci tana ƙarƙashin ruwa tun da aka datse Volta a Akosombo a shekarun 1960. Tsohon Zongon Lome yana ƙarƙashin bankuna. Gida uku, babu ko ɗaya da za mu dafa bangonsa. Abin da ya rage mana tsohuwa ɗaya ce da adaka ɗaya. Da na yi jinkirin shekara ɗaya ko biyu, Allah kaɗai ya san abin da zan tarar, watakila da na mutu ina jikan madugu.

Daren da zan taho ta kira ni. Ta ce, "Babana, da ka taho nan, wa ka bar wa shago?"

Na faɗa mata.

"Da makullin sito?"

Na ce da shi.

"Da kuɗin mutane?"

Na ce har da su.

Ta ce, "To mutumin Kano da kake taƙama da shi, abu ɗaya ya yi da ya sa har yau ake ambatonsa a gidan nan. Ba goron da ya saya ba ne, goro an cinye. In kana son ka gaje shi, ga hanya nan. Sai dai ka tambayi yarinyar tukuna, don ita waccan ba a tambaye ta ba."

Da safe kafin in shiga mota na biya bakin teku, inda ƙarafan tsohuwar gada suke tsaye a cikin ruwa, na kira uwargida. Na ce ta tambayi 'yarta tsakaninta da Allah. Ta yi dariya ta ce, "Alhaji, kai kaɗai ne ba ka san amsar ba a gidan nan." An sa rana bayan Babbar Sallah, in Allah ya kai mu.

Ba kowa ne ya ji daɗin abin da na dawo da shi ba. Yayana ya ce na je na tono abin da manya suka binne, kuma in na kuskura na rubuta shi a inda duniya za ta gani, ba shi ba ni. Na ba shi haƙuri, na ce Goggo ta ba ni izini, sunaye kuma na bar su a littafina. Har yanzu bai ɗauki wayata ba. Ina fata zai zo ɗaurin auren, don shi ne waliyyi, kuma zumunta ba ta ƙarewa a kan takarda mai layi bakwai.

'Yan uwa fatake, na Kumasi da Abijan da Duwala da Kartum da Jidda, na san kusan kowane gidanku akwai tsohuwa irin Goggo, da adaka a ƙarƙashin gado. Muna aika musu da kuɗin cefane ta waya muna ganin mun sauke nauyi. Ku je da ƙafarku, ku ci tuwonsu, ku tambayi na ƙuryar ɗaki, ku tafi da littafi da alƙalami. Abin da za ku ji ba lalle ya yi muku daɗi ba, amma naku ne.

Ni dai yanzu duk Juma'a in na yi wa iyaye addu'a ina ambaton mutumin Kano da 'yarsa, ina ambaton Baba Tsoho da sunansa na yanka, wanda na sani a ƙarshe. Kuma ina tuna wata mata a ƙasar Gurunshi wadda ɗanta ya fita wata rana bai dawo ba. Ba ta san ya yi rawani ba, ba ta san ya tara gida ba. Jikokinta sun haura ɗari, daga Lome har Kano.